Motar Munawwara Ta Dawo Gida

Tun da matata ta rasu gidana ya yi shiru, kuma gidan da ya yi shiru ba abin da yake wuce shi. Katanga ɗaya ce ta raba ni da gidan su Abdussalam a nan Karaye. Ta ƙasa ce, ruwa ya cinye samanta. Ban taɓa yin laɓe ba. Magana ce take tsallakowa ta iske ni a kan tabarmata.

Ranar da abin ya fara, Basiru, yayan Abdussalam, ya fita da sassafe da mota cike da rake zai kai Kano. Bayan la'asar ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar gida. Ya kaɗe rigarsa, ya shiga yana rangaɗa sallama, irin ta wanda yake so ya riga kowa magana.

Motar ba tasa ba ce. Ta Munawwara ce, matar ƙaninsa. Gonar da ta gada a Zoza ta sayar, aka sayo mata ƙaramar motar kaya, fara, mai buɗaɗɗen baya, takardu da sunanta. Abu ɗaya ta roƙa, a rubuta ALLAH YA JI ƘAN BABA a bayan motar. Aka rubuta da koren fenti. Basiru ne yake ja. Duk Juma'a ya aiko mata da abin da ya ga dama, ita kuma ta ce Allah ya saka da alheri.

"Ina motar?" in ji Inna, mahaifiyarsu.

"Inna, bari kawai. Mutanen birnin nan babu tsoron Allah a ransu. Wai layi na taka."

"Layin me?"

"Wani farin fenti ne a ƙasa, gaban danja. Wai a bayansa ake tsayawa. Wallahi bai kai faɗin tafin hannuna ba."

Abdussalam ya ce, "Don layi kawai za su ɗauke mota, Yaya?"

"To, danjar ma wai ja ta nuna. Ni dai ruwan goro na gani."

"Sai kuma me?"

"Da suka busa usur na ga hanya a buɗe ta dama, na faɗa. Ashe ta masu tahowa ce. Suka tare ni. Sai suka ce lodi ya yi yawa. Sai suka ce in kawo lasin."

"Lasin ɗin fa?"

"Ai ka san tun bara ya mutu."

Inna ta ce, "Kai dai ba su taɓa lafiyarka ba ko? To alhamdu lillahi. Dukiya fansar rai ce."

Gaskiya ta faɗa. Sai dai na lura mutane sun fi saurin yin fansa da dukiyar wani.

Sauran bayanin da kyar ya fito. Da masu kula da titi suka tambayi Basiru motar wace ce, ya ce tasa. Da suka matsa, ya ce ta ubangidansa. Da suka buɗe takardu suka ga sunan mace, ya ce ai ta gida ce. Suka ce tunda bakinsa uku, ba za su saki motar ba sai mai ita ta zo da kanta da katin shaidarta, a biya tara. Kuma duk daren da motar ta kwana a yadinsu na ajiye motoci, akwai kuɗin kwana.

Munawwara ba ta kiran sunan Basiru, ba ta haɗa ido da shi. Daga bayan labulen ɗakinta ta yi magana.

"Yaya, sannu da wahala. To in Abban Mubina ya yarda, gobe sai mu yi sammako."

Ina jiyo kazar Inna tana tonon ƙasa a gindin katanga.

"Mu yi sammako ina?" in ji Abdussalam.

"Kanon. Tunda ni suke nema."

"Ke kin san wajen nan kuwa? Direbobi, 'yan kamasho, 'yan tasha, kowa da bakinsa. Matar gidan nan ta tsaya a layi a cikinsu ana kiran sunanta da ƙarfi? Jibi in shiga gaban Dagaci da wace fuska?"

Abdussalam magatakarda ne a wajen wani dagaci a nan ƙasar Karaye, kakansu kuma ya taɓa yin mai unguwa. Sarautar ta daɗe da barin gidan. Fuskar ce ta rage, kuma ita suke ta wankewa safe da yamma.

"Da hijabina zan je, kuma ai tare da kai," ta ce.

"Ba sai kin je ba. Akwai wanda na sani a can. Waya ɗaya zan buga. Ke dai ki haɗa kuɗin tarar."

Ta haɗa. Dillaliya ta shigo ta fita da ɗan kunnen gwal ɗin da Munawwara ta zo da shi gidan. Da bai isa ba, ta dawo ta fita da keken ɗinki, almajiran ɗinkin Munawwara biyu suna kallo. Keken nan ya shekara yana hana ni barcin rana, ina tsine masa a raina. Ranar da ya tafi na kasa barcin gaba ɗaya. Abdussalam ya karɓi kuɗin ya ce madalla, ya sa a aljihun babbar riga.

Wanda ya sani ɗin ya yi tafiya. Da ya dawo, matarsa ta haihu. Bayan suna aka sauya masa wajen aiki. Aka samo wani, wanda ya san wanda ya sani, shi kuma ya ce a bari shugabansu ya dawo daga Abuja. Azumi ya shigo, aka ce ba a zuwa wa mutane da irin wannan magana da ƙishirwa a bakinsu. Bayan salla aka ce ai kowa ya san ba a gama dawowa aiki ba.

Kullum da safe, in ta kawo masa koko, sai in ji ta.

"Abban Mubina, an yi wayar?"

"An yi."

"Me suka ce?"

"Suka ce a yi haƙuri."

"Kuɗin kwanan nan fa yana hawa."

"Ke da kike cikin ɗaki kin fi ni sanin abin da yake hawa?"

Juma'a ta daina kawo mata komai. Ɗinki babu. Mubina, 'yarta, aka koro ta daga makarantar kuɗin da uwar take biya mata, uban ya ce ai ta gwamnati ma makaranta ce, shi a can ya yi. Munawwara ta fara yi wa maƙwabta surfe da wankau. Da can in tana aiki tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Yanzu sai ƙarar taɓarya, da tari a tsakani.

Basiru kuwa bai rasa komai ba sai sitiyari. Da hantsi ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ba duk mai wucewa labarin zaluncin birni. Kullum layin yana ƙara sirancewa a bakinsa. Kafin damina ta yi nisa ya koma kamar zaren ɗinki. Da rana a fito masa da tuwon da Munawwara ta tuƙa, ya ce miyar ba ta ji daddawa ba.

Munawwara ta aika gidansu a Zoza. Ƙaninta Nuruddeen ya zo, manomi ne, ya sha wankakkiyar shadda, ya taho da maganarsa a shirye tun daga hanya: shi zai raka yayarsa Kano, su dawo kafin magariba. Mutanen gidan suka tare shi tun daga zaure.

"Maraba da mutanen Zoza! Ina gajiya? Ya iyali? Ya damina? Ya masu jiki? Ina su Gwaggo? Ya aka ji da ciyawa bana?"

Inna ta sa aka yanka masa kaza. Aka kawo fura da nono mai kauri. Abdussalam ya zaunar da shi a kan darduma tasa ta kansa. Sai da ya ci ya ƙoshi ya wanke hannu, sannan ya ɗago maganar, a lokacin ta riga ta yi sanyi.

"Dama batun motar nan ne, Yaya Abdussalam."

"Allah sarki. Ai magana ta zo ƙarshe. Ko ka ga alamar muna wulaƙanta 'yar'uwarka ne?"

"A'a, wane ni."

"Da mun so, da tuni mun tura ta cikin maza ta sha rana. Darajar mahaifinku muke dubawa, Allah ya ji ƙansa."

"Amin, amin."

Ya tafi da ƙullin goro da gaisuwa ga Gwaggo. Kazar nan ita ce abu mafi arha da gidan ya taɓa saya.

Sau ɗaya na sa baki. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, Basiru yana cikin labarin layinsa, na ce da Abdussalam, "Watan jiya na ga an cika bas da matan gidan nan an tafi biki Kano, har da Munawwara. Ban ga fuskar kowa ta zube ba."

"Biki daban, Malam Sulle. Biki cikin mata ne."

"Asibiti fa? Ranar da Inna ta kwanta, wa ya tsaya a layin magani cikin maza?"

"Wannan lalura ce."

"Dukiyarta da take ruɓewa a yadi ba lalura ba ce? A littattafan da na karanta, abin mace nata ne, ko mijinta sarki ne."

Basiru ya yi dariya. "Malam, kai ai ka huta. Wanda ba shi da iyali a ka, shi ya fi kowa iya riƙon iyali."

Aka yi dariya, har da waɗanda suka ɗauki makarar matata. Na naɗe tabarmata.

Wata safiya, ana tsakiyar kaka, na ji motsin da ban saba ji ba. Takalmi ne a tsakar gida, ba silifas ba. Munawwara ta sa hijabinta, ta ɗauki katinta, ta nufi zaure. Ko kuɗin motar zuwa ban san inda ta samo ba.

"Ina zuwa da farar safiya?" in ji Inna.

"Inna, Kano zan je. Ku yi mini afuwa. Abin Babana ne kaɗai ya rage mini."

"Da izinin wa?"

"Na roƙa, Inna. Tun kafin azumi nake roƙo."

"To kin ji an ba ki? Abdussalam! Fito ka ga abin da ake yi maka a gida."

Na fito ƙofar gidana. Daga inda nake ina hango cikin zaurensu. Tana tsaye, taku ɗaya tsakaninta da dokin ƙofa, ta damƙe katin a hannu. Ta rame har hijabin ya yi mata yawa. Abdussalam ya zo ya tsaya a bayanta. Bai ɗaga murya ba. Mutum ne mai ladabi, kowa ya shaida.

"Ga hanya nan, ban riƙe ki ba. Amma in ƙafarki ta taka waje, a bakin aurenki. Kuma Mubina a gidan ubanta take."

Daga ciki yarinyar ta fara kiran Umma.

Ta daɗe a tsaye. Wata motar kaya ta wuce a titi, ta bi ta da ido har ta ɓace. Sannan ta juya. Inna ta ce Allah ya yi mata albarka, ta ce dama ta san 'yar mutunci ce.

Daga ranar ta daina tambayar an yi waya. Ta kawo koko, ta ajiye, ta koma. Abdussalam ya gaya wa mutane cewa alhamdu lillahi hankalinta ya kwanta.

A rediyo ta ji sanarwar. Ni ma na ji, don tasha ɗaya muke kamawa. Duk abin hawan da ya daɗe a yadi mai shi bai zo ba, za a yi gwanjonsa. Na ji kwano ya faɗi a bayan katanga. Da mijin ya dawo ta durƙusa masa a tsakar gida, gaban kowa.

"Don girman Allah, Abban Mubina. Don darajar iyayenka. Ka kai ni, ko a rufe a cikin buhu ne."

Na zaci zai yi faɗa. Sai na ji muryarsa da daɗi, kamar wanda aka yi wa albishir.

"Tashi, tashi. Na ce miki motar nan za ta dawo gidan nan ko ban ce ba? To ki sa ido."

A 'yan kwanakin nan 'yan'uwan biyu suka shaƙu. Kullum suna gefe suna ƙus-ƙus, in na doso su koma zancen farashin taki. Ran nan suka sha manyan riguna suka tafi Kano tare.

Washegari da yamma unguwa ta cika da hon. Ga motar, Basiru a ciki yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Ta yi baƙi, gilashi ɗaya ya tsage, ciyawa ta tsiro a bayanta ta bushe. Amma ita ce. Yara suka bi ta da gudu. Inna ta rangaɗa guɗa. Munawwara ta leƙo daga zaure, ta ga koren rubutun nan, ta toshe bakinta da hijabi tana kuka tana hamdala. Rabon da in ji muryarta da rai haka tun kafin azumi.

Suka shiga ciki. Na koma tabarmata.

"Yaya, sannu. Abban Mubina, Allah ya saka da alheri. Ashe sun haƙura ba sai na je ba?"

"Wa ya ce sun haƙura?" in ji Basiru. "Dabara muka yi musu, ƙanwata. Kuɗin kwanan nan ya taru ya fi ƙarfin motar. Wawa ne zai biya. Sai muka bari ta shiga gwanjo, muka saye abinmu a arha."

"Kuka saya? Da wane kuɗi?"

Abdussalam ya ce, "Da wanda kika bayar mana. Ai kin ga amfanin da na ajiye shi. Da na kai musu tun farko, da sun cinye."

"To alhamdu lillahi." Sai ta ƙara da cewa, "Takardun fa? A ba ni in adana."

"Suna wajen Yaya."

"Ai a ɗakina suke zama."

"Waɗancan sun mutu. Wanda ya saya a gwanjo, sababbi ake yi masa."

"Da sunan wa?"

Inna ce ta amsa, da muryar lallashi.

"Ke 'yar nan, mene ne abin suna? Ba kin ga abin da sunanki ya jawo mana ba? Kusan shekara mota tana kwana a waje, Basiru yana zaune ba sana'a, duk don sunan mace ne a takarda. Yanzu ko an sake kamawa, namiji ne zai je ya karɓo. Sauƙi aka nema miki."

"Inna, gonar Babana ce."

"Wa ya ce ba ita ba ce? Ga ta nan a ƙofar gida. Ko wani waje aka kai ta? Tashi ki ɗora ruwa, yara za su wanke ta."

Ta ɗora. Na ji ƙarar bokiti.

Juma'a ta zo, ba a aiko mata da komai ba. Ta biyu ma haka. Da ta yi wa mijin magana, ya ce ai Yaya yana gyara, ga taya, ga gilashi, ga sabon lasin da ya yanka don kada a sake samun matsala, ita ma ta yi masa adalci mana. Cikin gyaran har da mai fenti. Ya shafe bayan motar da fari, ya rubuta da ja: RABO SAI MAI SHI.

Na karanta littattafai da dama a kan zalunci, yawancinsu da takobi da kurkuku a ciki. A nan ba a zagi kowa ba, ba a ɗaga wa kowa hannu ba. An yi sallama, an yanka kaza, an sa albarka. Masu kula da titi sun ci tarar mota, kuma ko ba komai sun faɗi laifin da aka yi: layi, danja, hanyar masu tahowa, lodi, lasin. Wanda ya aikata duka biyar yau shi ne mai mota. Wadda aka ce ta tsaya ta tsaya, har yau ba a gaya mata laifinta ba.

Bayan girbi aka aiko daga Zoza cewa Gwaggon Munawwara ba ta da lafiya. Abdussalam ya ba da izini nan take, har ya ce ta kwana biyu in ta so, zumunci ai wajibi ne. Dama Basiru zai je ɗaukar masara ta wajen Rogo, sai ta bi shi.

An ɗan yi yayyafin ƙarshe a daren, fentin kuma mai arha ne. Da ta fito, ta zagaya ta bayan motar ta tsaya. A ƙarƙashin jan rubutun, koren yana nan dishi-dishi, ana iya karanta BABA. Ta sa yatsa ta shafa.

Basiru ya leƙo ta taga.

"Ƙanwata, shigo mu tafi, rana tana yi. Af, kin taho da ɗan na mai ko? Kin san yadda fetur ya koma yanzu."

Ta kwance bakin zaninta, ta ba shi kuɗin wankau.

"Allah ya saka da alheri, Yaya," ta ce, ta shiga.